Zuwa ga Sarkin Ƙofar Gareji na Indiyana

Ranka ya daɗe Dakta, Bazazzagin Amurka, mijin Yaya, angon tsani da sifana. Ina gaishe ka irin gaisuwar da ubangida ke yi wa bawansa, wato daga zaune. Ya sanyi? Ya kuma ƙugu? An ce har yanzu in za ka yi ruku'u sai ka dafa bango. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce, ya kuma bar maka ɗan ragowar ciwon da zai riƙa tuna maka duk ranar da ka hango tsani.

Kada ka wahalar da kanka wajen neman wanda ya kawo mini rahoto. Kai ne ka tako har cikin birnin Dabo ka auri 'yarmu, ka ɗauke ta ka kai ta bangon duniya, kana zaton nisa zai toshe mana kunne. To, WhatsApp bai san nisa ba. Ina da sautin muryar Yaya, ina da hotuna, ina kuma da shaidar ƙaramin ɗanka, wanda alhamdu lillahi ta wajen hankali dangin uwa ya biyo.

Kafin in shiga cikinka, bari in yi wa masu karatu shimfiɗa, kada su zaci get ne irin namu da yaro ke turawa in ya ji hon. A unguwannin bayan gari na Amurka, gareji manne yake da gida, kuma yawancin mutane ta nan suke shiga da fita, ƙofar falo sai baƙo. Ƙofar garejin ba gefe take buɗewa ba. Falle-falle ce, yawanci huɗu, an jera su ɗaya bisa ɗaya, da ƙananan tayoyi a gefe suna bin hanyar ƙarfe. In an buɗe ta sai ta yi sama ta kwanta a ƙarƙashin silin. Akwai ɗan inji rataye a silin da ke janta, mutum yana cikin mota ya danna rimot ta buɗe, ya shige ba tare da ƙanƙara ta taɓa masa hula ba.

Wani mutum mai suna C.G. Johnson ne ya fito da irin wannan ƙofa a 1921, sannan a 1926 ya haɗa mata injin lantarki a garin Hartford City. A ina garin yake? A jihar Indiyana, Dakta, jihar da kake zaune. Kusan ƙarni guda mutanen jihar nan suna zaman lafiya da ƙofofinsu, kakanni sun buɗe sun rufe, jikoki sun gada. Sai da Bazazzagi ya sauka sannan ƙofa ta ga abin da ba ta taɓa gani ba.

Ga yadda aka yi, in na ƙara gishiri ka gyara mini. Cikin tsakiyar hunturu, wani dare, Yaya ta ji wata ƙara mai ƙarfi daga gareji. Ta tashe ka, ka juya ka ce tayar maƙwabci ce ta fashe, ka ci gaba da minshari. Da gari ya waye ka danna rimot, ƙofa ta ɗaga kamar taƙi guda, ta yi nishi, ta tsaya. Ka sake dannawa, ta koma ƙasa. Nan take, hannu a aljihu, ba ka ko ɗaga kai ka dubi bango ba, ka yanke hukunci da Zazzagancinka mai daɗin ji: "Injin ya mutu. Ƙofan nan ni zan gyara shi."

Yaya ta ce a kira mai gyara. Ka kira, ya faɗa maka kuɗin zuwa ya duba kawai, ban da na aiki. Ka buga lissafi a waya, ka juya dala zuwa naira, ka yi salati, ka kashe waya ko sallama babu. Ku ne fa kullum ke yi mana gori wai Bakano bai san komai ba sai kuɗi. Ba mu musa ba. Mun san kuɗi, shi ya sa muka san ranar riƙe su da ranar sakinsu. Ɗan kasuwar Kantin Kwari yana iya kwana yana ciniki a kan naira hamsin, amma in motarsa ta lalace ba ya shiga ƙarƙashinta da babbar riga, bakanike yake kira. Kai kuwa ka dubi takardar digirinka na uku da ke rataye a falo, ka ce wanda ya gama jami'a a Samaru ya zo Amurka ya ƙara, ƙofa ba za ta gagare shi ba. Dakta, digirin nan a kan ƙasar noma ka yi shi. Da garejin dawa aka shuka a ciki da babu mai ja da kai.

Ka tafi kanti ka tarar da injina iri-iri. Akwai mai sarƙa irin ta keke, shi ne mafi araha, yana da juriya, amma akwai kwaramniya. Akwai mai bel na roba da aka ƙarfafa da zaren ƙarfe, ya ɗan fi tsada, tafiyarsa shiru. Akwai mai doguwar sanda mai zare da ke juyawa. Akwai kuma wanda ake kafawa a bango gefen ƙofa, ba ruwansa da silin. Ma'aikacin kantin ya yi maka tambaya ɗaya tak: akwai ɗakin kwana a saman garejin? Ka san akwai, ɗakinku ne ma. Amma idonka na kan farashi, ka rungumo mai sarƙa. Yanzu an ce duk asuba in ka fita, gidan kaf sai ya farka, har jaririya ta san lokacin tafiyar Abba masallaci. Araha dai ba ta ado.

Bai kuma faɗo maka ka auna tsayin ƙofar ba. Sandar da ke zuwa cikin kwali ta ƙofa mai ƙafa 7 ce, taku kuwa ƙafa 8 ce, sai an sayi ƙari daban. Sai da ka gama harhaɗa sandar a ƙasa, ka tsaya kana yaba wa kanka, sannan ka ga ba ta kai ba. Haka ka yi ta safa da marwa tsakanin gida da kanti, kuma a motar aro, don taka da ta Yaya duk suna kulle a cikin garejin da kake gyarawa.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babban laifinka shi ne ɗan littafin da ke cikin kwali. Kai da ke hana ɗalibi maki don bai karanta abin da ka ba shi ba, ka ɗauki littafin ka mayar da shi matashin kofin shayi, ka buɗe YouTube, ka kuma ƙara wa bidiyon gudu don wai mai bayanin yana jan magana. Da ka buɗe shafukan farko da ka ga gargaɗin da kowane kamfani ke fara yi: kada a kafa inji a kan ƙofar da nauyinta bai daidaita ba. Gwajin kuma ko minti biyu ba ya ci. Ƙofa tana rufe, ka ja wata jar igiya da ke lilo don ka raba ta da inji, ka sa hannu ka ɗaga ta zuwa tsakiya, ka saki a hankali. In ta tsaya inda ka bar ta, lafiyarta ƙalau. In ta yi maka nauyi ko ta nemi rikitowa, to ciwon ba a inji yake ba.

Zauna in karantar da kai, yau ɗan kasuwa ne malamin Dakta. Injin nan da ka kashe wa kuɗi ba shi ke ɗaukar nauyin ƙofa ba. Ƙofar gareji mai cin mota biyu tana kai kilo 70, wata ta haura 100, ta katako ma ta fi haka. Injin kuwa ɗan mitsitsi ne, yawanci ƙarfin rabin doki ake rubuta masa. Mai aikin na gaskiya yana can saman ƙofa jikin bango: sifirin, naɗaɗɗen ƙarfe a kan wata sanda, an murɗa shi an ɗaure da ƙarfi. In ƙofa ta sauka sai ya ƙara murɗewa ya tara ƙarfi, in za ta tashi sai ya warware ya ja ta da igiyoyin ƙarfe biyu da ke gefe. Shi ya sa ƙofa mai lafiya ko tsohuwa ta ɗaga ta da hannu ɗaya. Aikin inji kawai ya ɗan ja ya ɗan tura.

Da na fahimci wannan sai na ce ashe tsarin gidanka aka kwaikwaya. Ga inji can a sama inda kowa ke ganinsa, shi ke da fitila, shi ke da ƙara, shi ake danna wa rimot, in baƙi sun zo shi ake yabo. Ga sifirin a lungu, ba ya magana, ba wanda ke kallonsa, amma duk nauyin a wuyansa yake, ranar da ya gaji kuma ranar ce ake gane inji ba komai ba ne. Ba sai na faɗa maka wane ne inji wace ce sifirin a gidan nan ba. Ka dai riƙa yi wa Yaya sannu.

Shi kuma sifirin yana da wa'adi. Na gama-gari an yi shi ne ya buɗe ya rufe kamar sau 10,000. Gidan da ake buɗe gareji sau huɗu a rana, ka yi lissafi, shekara bakwai ke nan ko ƙasa da haka kaɗan. Ya fi son tsinkewa lokacin tsananin sanyi, kuma in ya tsinke ƙararsa sai ka ce an harba bindiga. Tayar maƙwabcin da ka ce ta fashe ke nan, Dakta. Ƙofarku sifirin biyu gare ta, ɗaya ya tsinke ya bar ɗan'uwansa da kayan mutum biyu. Tsohon injin da ka yi wa jana'iza yana da ransa. Ya ji nauyin da ya fi ƙarfinsa ne ya tsaya, wanda hakan ma hankali ne, irin wanda mai gidan bai nuna ba.

Mu koma kan tsani. Da aka zo rataye inji, sabon bai faɗa daidai inda ƙarafan tsohon suke ba, sai an kafa sababbi. Yaya ta ce ka bari a samo wanda ya san silin. Ka buga ƙirji ka ce kai jinin Babban Gwani ne, gini a gidanku aka haife shi. To, na yarda Zazzau ta yi Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, masana gini daga ƙasashe suna zuwa kallon bakan gizonsa. Amma gwanintarsa duka a kan abu ɗaya ta tsaya: ya san inda nauyi ke sauka. Kai kuwa ka ɗaura sukuru a jikin allon farar ƙasan da suke lulluɓe silin da shi, wanda ɗan yatsa mai ƙarfi ma sai ya huda. Katakan da ke riƙe da rufin suna ɓoye a bayansa, su ake lalubowa a ɗaura dogayen ƙusoshi masu zare a cikinsu, akwai ma 'yar na'urar da ke nuna inda suke. Haka ƙarfen da ke riƙe kan sandar a saman ƙofa, dole ya zauna daidai tsakiyar ƙofar, a jikin katako mai ƙwari, don duk jan da inji ke yi a nan yake ƙarewa. Ka rataya, ka sauko kana kaɗe hannu, sai ga inji ya biyo ka da guntun silin, farin gari ya wanke maka kai. Ina da hoton. In ka yi mini gardama a jarida zan sa shi.

Nan ne ƙugu ya samu rabonsa, don ka ce kai kaɗai za ka tallafi inji da kafaɗa, hannu ɗaya riƙe da sifana, ƙafa ɗaya a kan matakalar ƙarshe ta tsani, wadda aka rubuta a jikinta ɓaro-ɓaro kada a taka. Tun muna yara aka gaya mana hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wataƙila a Zariya da Turanci aka faɗa muku shi ya sa bai zauna ba. Allah ya saka wa dattijon maƙwabcinku da alheri, wanda ya jiyo rugugi ya shigo ya kama maka. An ce da kuka ɗaga ƙofar tare ya ce maka nauyin nan ba na lafiya ba ne. Ka ce masa sanyi ne ya sa ƙarfe ya ƙage, har ka fara yi masa lacca. Bawan Allah ya gyaɗa kai ya koma gidansa.

Yanzu bari in ajiye wasa minti ɗaya, don akwai inda ka ɓata mini rai da gaske. Cikin kwalin akwai wasu 'yan idanu biyu na lantarki da ake kafawa a gindin ƙofa, ɗaya dama ɗaya hagu, suna kallon juna. Ɗaya na aika haske marar ganuwa, ɗaya na karɓa. In wani abu ya gitta tsakaninsu ƙofa tana saukowa, sai ta fasa ta koma sama. Ka kasa saita su, ƙofa ta ƙi rufuwa, fitilar inji tana ta ƙiftawa. Sai wai ka ce za ka haɗa su fuska da fuska ka naɗe da salatif ka manna a silin, tunda tsohon injin ba shi da ido kuma ya yi shekaru yana aiki.

Dakta, idanun nan ba ado ba ne. A shekarun 1980 gomman yara sun mutu a Amurka a ƙarƙashin ƙofofin gareji, ƙofa ta danne yaro tana ci gaba da turawa. Shi ya sa majalisar ƙasar ta yi doka a 1990: daga 1991 duk injin da aka ƙera dole ya juya da kansa in ƙofa ta ci karo da wani abu, daga farkon 1993 kuma dole ya zo da kariya ta biyu, wato irin idanun nan. Ƙa'ida ita ce kada su wuce inci 6 daga ƙasa, kamar santimita 15, don su ga yaron da ke rarrafe ko wanda ya faɗi. Madannin bango kuma a sa shi aƙalla ƙafa 5 daga ƙasa inda ƙaramin hannu ba zai kai ba. In an gama, a kwantar da katako mai kaurin inci ɗaya da rabi a bakin ƙofa a rufe, in ta taɓa shi ba ta koma sama ba, aiki bai kammala ba, kuma ana so a maimaita gwajin duk wata. 'Ya'yan da ke wasa a garejin nan 'ya'yanmu ne, aro muka ba ka. Ka yi karambaninka da ƙugunka, ban da su. Na ji daɗi da Yaya ta tsaya a kanka har ka durƙusa ka saita su yadda ya kamata, ashe ma waya ɗaya ka huda da ƙusa lokacin da kake manna ta a bango.

To, an gama, iyali sun taru, ka gyara tsayuwa ka danna rimot. Sabon inji fil ya yi ƙugi, ƙofa ta ɗaga taƙi guda, ta yi nishi, ta tsaya. Daidai inda tsohon ya tsaya. An ce garejin ya yi tsit. Sai ɗan autan maza ya nuna saman ƙofa ya ce, "Abba, me ya sa wancan ƙarfen ya rabu biyu?" Yaro ɗan firamare, da ido kawai. Na ce a saya masa tsire a rubuta a asusuna.

Mai hankali a nan zai sallama. Kai kuwa sai ka koma YouTube neman yadda ake canza sifirin, ka ɗauko sukundireba biyu wai da su za ka murɗa. Wannan shi ne karambanin akuya, gai da kura. Sifirin ɗin da bai tsinke ba yana ɗauke da ƙarfin da zai ɗaga rabin ƙofa. Masu sana'ar suna da sandunan ƙarfe na musamman da suka yi daidai da ramukan, suna murɗawa rubu'i-rubu'i suna ƙirgawa, kuma ba sa tsayawa saitin sandar. Sukundireba in ta zame, ƙarfin nan gaba ɗaya a hannu ko a fuska yake sauka, mutane sun rasa yatsu da haƙora da ido a wannan wuri. Haka ƙarafan da ke can ƙasan ƙofa inda igiyoyin suka ɗaure, ba a kwance su da wasa. Ko jar igiyar nan ma, in sifirin ya tsinke kuma ƙofa tana sama, ba a janta, don ƙofar za ta rikito ne gaba ɗaya. Allah ya yi wa Yaya albarka da ta ɓoye tsani a gidan maƙwabta ta kira mai gyaran da ka kashe wa waya.

Ya zo, ya canza sifirin biyun gaba ɗaya, don tsararrakin juna ne, in ɗaya ya tafi ɗayan yana hanya. Ya sassauta sarƙar da ka ɗaure tamau, ya saita inda ƙofa za ta tsaya sama da ƙasa, ya karɓi kuɗin zuwa, da na aiki, da na kaya. Lissafa mini, Dakta: kuɗin inji, kuɗin ƙarin sanda, kuɗin mai gyara da ka guje wa tun farko, kuɗin liƙe silin, da man zafi. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Wannan ciniki in yaron shagona ya yi shi, ranar zai koma ƙauye.

Amma mu Kanawa ba ma tauye mudu, ko na Bazazzagi ne. Tsohon injin ya cancanci ritaya, ko da yake ba don dalilin da ka ba shi ba. Ba shi da idanu, ga shi rimot ɗinsa irin na da ne mai 'yan maɓallai a ciki da ake jerawa su ba da lamba ɗaya da ba ta canzawa. Mai maɓalli 8 lambobi 256 kawai gare shi, mai 12 kuma 4,096. A 2015 wani masanin tsaron kwamfuta, Samy Kamkar, ya nuna yadda ya gyara wani abin wasan yara na kamfanin Mattel ya riƙa buɗe irin waɗannan ƙofofi cikin 'yan daƙiƙu. Injinan zamani, tun tsakiyar shekarun 1990, lambarsu canzawa take duk dannawa. Saboda haka ka yi daidai bisa kuskure, irin sa'ar da ba a yi wa mutum barka a kanta.

Kuma canza inji ba aikin da ya fi ƙarfin magidanci ba ne. Dubban mutane a can suna yi ranar Asabar su gama kafin la'asar. Sharuɗɗan ba su da yawa: a gwada ƙofa da hannu tun kafin a je kanti, a auna tsayinta, a karanta littafin, a cire fulogi kafin a taɓa waya, a cire tsohuwar sakata don kada inji ya ja ƙofa tana kulle, a nemi katako a silin, a samu mataimaki, a kafa idanu a inda aka ce. Abin da ya shafi sifirin da igiyoyinsa kuma a bar wa masu shi. Ilimin duka bai wuce mutum ya san inda hannunsa ya tsaya ba, kuma wannan darasi ba a ba da digiri a kansa, shi ya sa ya wuce ka.

Saura ƙwan fitila. An ce bayan tafiyar mai gyara ka sa wa injin wani ƙwai mai arha irin na zamani marar cin wuta, sai rimot ya daina aiki sai hancin mota ya kusa taɓa ƙofa. Ka fara shirin mayar da inji kanti da faɗa. Wasu daga cikin ƙwayayen nan suna fitar da hayaniyar lantarki da ke danne saƙon rimot, magani kawai a canza ƙwai. Wannan ma yana cikin littafin da ke ƙarƙashin kofin shayinka.

Abin da ya sa na ce lallai sai na rubuto maka a fili shi ne sabon labarin da ya iso ni, wai ka ce tunda yanzu ka ƙware, za ka sayo wani ka kawo gidanka na Zariya ka kafa da hannunka. Dakta, ka ji tsoron Allah. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, kana jonawa za ka ji ƙauri. Get ɗinka na gida gefe ake tura shi, injinsa daban ne gaba ɗaya. Sannan ina wutar? A Kalifoniya, bayan gobarar dajin 2017 da ta ritsa da wasu mutane a gida, wuta ta ɗauke sun kasa ɗaga ƙofar gareji, sai da aka yi doka cewa daga 1 ga Yulin 2019 duk injin da za a sayar ko a kafa a jihar dole ya zo da batir. Su da wuta ke ɗauke musu sa'i da lokaci ke nan. Kai da za ka kai shi inda zuwan wutar ne labari, sai dai ka ɗauki yaro aikin jan jar igiya, ka ga an dawo gidan jiya da ƙarin kuɗin jirgi.

In maganar ƙofa ce ka riƙa tambayarmu. Daga Ƙofar Nasarawa zuwa Kabuga, daga Ƙofar Mata zuwa Mazugal, kowace da sarkinta, an yi ɗaruruwan shekaru ana buɗewa da safe ana rufewa da dare, ba mu taɓa jin wadda ta ɗaga taƙi guda ta tsaya ba. Duk da haka majalisar ƙannen Yaya ta zauna ta ga bai kamata wahalarka ta tafi a banza ba, ta amince a naɗa ka Sarkin Ƙofar Gareji na Indiyana da kewaye. Rawani yana wuyanmu, za mu yanko maka a Kwari, amma kuɗin ɗinki naka ne. Sharaɗin sarautar ɗaya ne: Sarki ba ya hawa tsani. Kuɗin shara na bana da bashin na bara kuma ka turo su da dala, kada ka juya mini su zuwa naira, mun ga abin da wannan lissafi ke jawo maka. In kana da abin cewa, filin jaridar nan a buɗe yake mako mai zuwa, amma ka ba Yaya ta duba maka Hausar kafin ka aiko.

Naka, ubangidanka na Kano.